Ɗan Hajiya da Tafkin Kan Dutse

A Lanham, can ƙasar Amurka, aka sauke ni, a wani gida mai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, cikin sanyin da ban san Allah ya halicci irinsa ba. Jego na zo. Matar ɗana ta haihu, mace, aka sa mata sunana, ana kiran ta Ummi. Na taho da kanwa da citta da busasshen ganyen darbejiya a ƙulle cikin zani. Kilishin da na yo musu kuwa tun a filin jirgi wani ma'aikaci mai safar hannu ya jefa shi a kwandon shara ina kallo, yana yi mini murmushi.

Shi wanda na zo wurinsa ɗan farina ne. Ba zan rubuta sunansa a nan ba. A Malumfashi, inda na fito, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama ta ƙura masa ido. Ana yaye shi uwar mijina, Hajiya, ta goya shi ta tafi da shi sashenta. Tun daga ranar ya zama ɗan Hajiya, haka nake ce masa, haka kowa ya sani. Uwata haka ta yi da babban wanmu, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta son sa. Lokacin da ƙyanda ta kama shi yana ƙarami, a bayan ƙofar Hajiya na yini a tsaye ina jin numfashinsa, ban shiga ba. Idan aka yi miyar nama, tsokar da ta fi kyau kwanon Hajiya nake sa ta, ba na cewa ta wa ce. Ita ta sani.

Matarsa Monika baƙar fatar Amurka ce, doguwa mai fara'a. Ta koyi "sannu" da "na gode", tana kuma ce mini Mama. Ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma jegon da na zo yi bai yiwu ba. Washegarin zuwana na cika babbar tukunya da ruwa, na zuba darbejiya, na bar shi ya tafasa sosai. Tururi ya cika kicin, sai wani farin abu da ke manne a silin ya kama ihu kamar ana yanka shi. Monika ta sauko da gudu rungume da jaririya, idonta a waje. Shi kuma ya hau kujera ya kashe abin, ya ce, "Inna, a nan ba a yin wankan nan. Likita ma ba zai yarda ba." Kunun kanwa ta kai cokali ɗaya baki, ta ce na gode. Da yamma na ga sauran a wurin wanke kwanuka, ya bi rariya.

Na haƙura. Ai ba ruwan zafi kaɗai ya kawo ni ba. Da suka koma aiki su biyun, Ummi ta zama tawa daga safe har yamma. In goya ta, in zagaya falo da ita, in yi mata waƙar da ban samu yi wa ubanta ba. Goshinta nasa ne sak, har yadda take murtuke fuska in za ta yi kuka. Takardar zamana a ƙasar ta wata shida ce, amma ya ce zai nemo ƙari in zauna har takwarata ta yi tafiya. Wannan maganar na riƙe, da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Abin da ban lura ba shi ne ana kallona. Idan ya shigo falo nakan tashi in sauka ɗakina. Ba na cin abinci a tebur ɗaya da shi. Idan ina da magana, yarinyar nake gaya wa: "Ummi, ce wa babanki tuwo na cikin kula." Shi ya ce, "Ummi, ce wa Inna na gode." A ganina zaman lafiya muke yi.

A Hyattsville, wani gari kusa da mu, na ji labarin kaina. Akwai Rifkatu, nas ce 'yar Pankshin, Kirista, mijinta abokin aikinsa ne. Ita ke ɗaukata ran Asabar zuwa kantin 'yan Afirka mu sayo kuka da manja da garin masara. Baki gare ta, amma cikinta fari ne. Muna tsaye gaban buhunan doya ta ce, "Mama, zan faɗa miki wani abu, kada ki ce Rifkatu ta cika surutu."

"Ai kin cika," na ce.

Ta yi dariya, sannan ta gimtse. "Surukarki ta tare ni. Wai me mijinta ya yi miki yana yaro da har yau ba ki yafe masa ba."

Na ɗauki doya ɗaya ina juya ta.

"Na ce mata al'ada ce, kunyar ɗan fari, mu ma muna da maƙwabta Hausawa a Jos, na sani. Ta ce wace irin al'ada ce uwa za ta ga ɗanta bayan shekaru ta ce masa ya hanya kawai."

"Shi bai yi mata bayani ba?"

"Mama," ta ce, "shi ma fa ya daɗe a nan."

Da zafi ya fara shigowa, itatuwa suka yi ganye, sai ɗan Hajiya ya ce wa Ummi ta gaya mini ran Asabar za mu je hayikin. Na tambayi Rifkatu mene ne haka. Ta ce tafiya ce a ƙasa cikin daji, a hau dutse, a sauko.

"A je ina?"

"Ba ko'ina. A je a dawo."

"Ba mota?"

"Motar na nan a ajiye tana jiran ku. Mama, mutanen nan idan sun ƙoshi sai su fita neman wahala da kuɗinsu. Ni na hau dutsen Pankshin da tulu a kai, na gama nawa." Ta kawo mini kambas ɗinta da suwaita mai kauri. Ta durƙusa da kanta ta ɗaure mini igiyar takalmin, ta ce, "Ki je. Ɗanki yana son wurin nan ƙwarai, ba kowa yake kaiwa ba."

Wannan ya sa na yarda, ga gwiwoyina da suka daɗe suna ba ni wahala. Na tashi da asuba na soya ƙosai na zuba a kula.

Mun yi tafiya mai tsawo, muka bar gari, muka shiga wata jiha da ake kira West Virginia. Hanya ta kama hawa tana lanƙwasa, kunnuwana suka toshe kamar a jirgi. Inda kwalta ta ƙare muka ajiye mota. Akwai allo a bakin daji. Na tsaya ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci, amma Turanci ne, bai ba ni komai ba. Hoton dai na gane: wata baƙar dabba mai jiki kamar ƙaton kare da ya yi ƙiba. Ɗan Hajiya ya ce sunanta beya, ba ta taɓa mutum in ba a shiga tsakaninta da 'ya'yanta ba. Na karanta abin da na karanta na tofa. Shi kuwa ya saka Ummi a wata jaka ya rataya a ƙirji. Namiji da goyo, a gaba kuma. Na kau da kai.

Hanyar siririya ce, duk saiwoyi da duwatsu masu gansakuka. An shafa shuɗin fenti a jikin wasu itatuwa don kada mutum ya ɓata. Itatuwan dogaye ne, ganyensu kamar allura, suna ƙamshi irin na turaren wuta. Rana ba ta isowa ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Ƙananan kurege masu zane a baya suna gilmawa, ba sa tsoron kowa. Na ga hankaki baƙi wuluk, ba farin ƙirji irin namu, muryarsa kamar ta tsoho mai mura. Muka ƙetare wata ƙorama mai ƙarar gaske a kan duwatsun da aka jera, Monika ta riƙe mini hannu.

Daga nan hawan ya tsananta. Zanina yana kama ƙaya, numfashina yana fita da ƙyar, gwiwar hagu kamar an soka mata ƙusa. Na daure na ci gaba da hawa. Wani tsohon Bature mai farin gemu da ke saukowa ya tsaya ya dube ni, ya dubi ƙafata. Sanduna biyu ne a hannunsa. Ya miƙo mini ɗaya, ya faɗi wata magana, ya wuce bai jira godiya ba. Har yau ina sa shi a addu'a, ban san ko ya halatta ba, amma ina yi.

Can sama, inda itatuwa suka yi sarari, ɗan Hajiya ya tsaya cak ya ɗaga hannu. A cikin ciyawa, kusa da hanya, ga ɗan barewa kwance ya naɗe ƙafafu. Bai fi ɗan akuya sabon haihuwa ba, bayansa duk ɗigon fari. Ko motsi ba ya yi, sai hancinsa. Monika ta dafe ƙirji, ta sunkuya za ta taɓa shi. Ya riƙe ta, ya yi mata magana a hankali. Sannan ya juyo wajena, ya fassara, wannan karon ba ta bakin Ummi ba.

"Ta ɗauka uwar ta yar da shi ne. Kowa haka yake zato. Ba ta yar da shi ba, Inna. Da gangan take yin nesa, don in ta tsaya kusa, warinta zai jawo masa abin da zai cinye shi. Tana nan wani wuri tana kallon mu. Ba za ta fito ba sai mun tafi."

Na duba cikin itatuwa ban ga komai ba. Amma wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na ce a raina, ashe ya sani. Ashe don wannan ya kawo ni, ya faɗa mini ta hanyar da ta dace, ba tare da ya kunyata ni ba. Na ce yaron nan Hajiya ta yi masa tarbiyya. Sauran hawan ban ji gwiwata ba. Har na tsinci kaina ina yi wa Ummi 'yar waƙa daga baya.

Sai ga tafkin. Ni a sanina ruwa gangarawa yake yi, ya taru a kwari. Wannan kuwa a kan dutse yake zaune, sama da komai, shiru, baƙi-baƙi, itatuwa da gajimare kwance a cikinsa. Iska mai sanyi tana busowa kamar ba lokacin zafi ba. A gefe guda an tara itace an datse ruwa. Ya ce aikin wata dabba ce mai kama da gafiya, mai faffaɗar wutsiya, da haƙori take sare itacen. Muna tsaye ta fito tana iyo, ta mari ruwa da wutsiya ta nutse. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ajiye wannan a inda ba mai gani.

Na yi alwala da ruwan, yatsuna suka ƙage. Ya duba wayarsa ya nuna mini gabas, na shimfiɗa mayafi na yi azahar. Da na sallame sai na ga Monika ta karɓi Ummi ta bi gefen ruwa da ita, ta yi nisa. Daga yadda ta tafi ba ta waiwayo ba na gane sun shirya.

Ya zo ya zauna a kan gungumen da nake, kusa har gwiwarsa ta kusa taɓa tawa. Na ɗan matsa.

"Inna, zan tambaye ki wani abu. Don Allah kada ki ce mini 'to'."

"To," na ce.

Bai yi dariya ba. "Na kusa arba'in, ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Kina kiran Sadiya, kina kiran Bala, auta har kirari kike yi masa. Ni kuwa 'wancan', 'yayanku', 'ɗan Hajiya'. Hajiya ta rasu, Inna. Ɗan wa ne ni yanzu?"

Na dubi ruwa. "Ai ka san yadda ake yi."

"Na sani. A kaina na sani. Amma tun da aka haifi yarinyar nan, in na ɗauke ta sai in ce, ta yaya mutum zai iya? Ta yaya za a ɗauke ta a kai ta wani ɗaki ina gani, in yi shiru?" Ya juyo ya dube ni. "Nan ba Malumfashi ba ce. Ba kowa a nan, ba mai ji sai ruwa. Sau ɗaya kawai. Ki kira ni."

Na tattaro abin da zan iya, na ce, "Barewar nan da ka nuna mana ɗazu..."

"Inna, bar zancen barewa. Maganata nake yi miki."

Nan na san ni kaɗai na hau dutsen nan da farin ciki. Dabbar daji ya yi wa uzuri, ya tsaya ya kare ta a gaban matarsa da murya mai taushi. Ni da na tsaya a bayan ƙofa, bai ga komai ba.

Ya ci gaba. Ya ce akwai wata mata da yake zuwa ofishinta duk mako, aikinta ke nan, mutum ya zauna ya faɗa mata damuwarsa. Ita ta ce masa ciwon daga uwa yake, ya kawo ni inda hankalinsa ke kwanciya ya nemi abin da ya rasa. Wato wata Baturiya da ba ta san ƙofar gidanmu ba ta san labarin yayensa, ta san Hajiya, ta san ni, har ta yanke mini hukunci. Kuma ita ta zaɓa mini ranar da zan buɗe baki. Na ji kamar an kware mini zani a kasuwa.

Ya jira. Ni ma ina jin sunan, yana nan a maƙogwarona, inda ya daɗe. Amma in na faɗe shi a lokacin, na faɗa ne don matar ofis ta ce a faɗa.

Na jawo kula na buɗe. Na ce, "Ƙosan zai huce."

Ya dube ni, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa. Monika ta dawo, ta dubi fuskarsa, ta dubi tawa. Ba wanda ya ci ƙosan.

Saukowa ta fi hawa wuya. Ya karɓi Ummi ya yi gaba, Monika na bin sa, ni a baya da sandar tsoho. Da muka zo wurin ɗan barewar, ciyawa ce kawai a kwance, ba shi. Ba wanda ya tsaya. Gwiwata ta dawo da ciwonta har da ƙari. Ina taka dutse ina kallon bayansa, yadda yake jefa ƙafar dama waje kamar mahaifinsa, yadda furfura ta fara fito masa a ƙeya. Ban san yana da furfura ba. Ban taɓa kallon sa tsawon haka ba.

Na yi ta magana da kaina. Na ce Hajiya ta tafi, mahaifinsa ya tafi, uwata da ta koya mini ta tafi. Wa ya rage da zan ji kunya? Na ce yanzu ba matar ofis ba ce ta sa ni, ya riga ya fid da rai, in na yi ni na yi.

Muka iso ƙoramar nan mai ƙara. Monika ta riga ta haye. Shi yana tsakiya, yana taka duwatsun ɗaya bayan ɗaya, tafin hannunsa a kan Ummi. Na tsaya a bakin ruwa, na dogara da sanda, na yi bisimilla. Na kira shi. Sunansa na yanka, cikakke, wanda liman ya raɗa masa.

Ni dama tun asali muryata ba ta da ƙarfi. Ruwan kuwa yana ta faɗuwa a kan duwatsu. Bai waiwayo ba. Ya taka dutse na gaba, da na gaba, ya haye, ya gyara wa yarinyar hula. Na tsaya ina jira kamar wadda ta yi sata. Sai Monika ce ta juyo, ta ga ban ƙetare ba, ta dawo ta miƙo mini hannu.

Sau ɗaya ya ce. Ban sake ba.

Ba a yi mini rashin mutunci ba bayan haka, kada in yi ƙarya. Gaisuwa tana nan, maganin gwiwa ma ya sayo mini. Amma ba a jima ba aka samo wa Ummi gurbi a gidan renon yara, wai yana da kyau ta saba da 'yan'uwanta. Aka fara fita da ita da safe cikin kujerar mota, ni in zauna a ɗakin ƙasa ina jin injin ɗumama ruwa yana kunna kansa yana kashewa. Sannan wata rana ya tsaya a kan matakala, bai ƙaraso ba, ya ce ƙarin takardar nan ya bincika, abin da wuya yanzu, gara in koma kafin ta ƙare don kada a hana ni wani zuwan. Na ce to.

Rifkatu kaɗai na gaya wa, ranar da na mayar mata da kambas ɗinta. Ta ajiye takalmin ta riƙe baki.

"Kin kira? Mama, kin kira, bai ji ba? Yesu! Bari in buga masa yanzun nan."

"In kika gaya masa ban yafe ba."

"Haba Mama! Wannan wane irin taurin kai ne? Ku biyun nan jirgi ɗaya ya kwaso ku, wallahi."

"Ke ma kin iya wallahi?"

"A Jos na girma," ta ce, tana share ido da bayan hannu. "Ki bari in faɗa masa. Zai canja tikitin nan yau."

Na ce a'a. Abin da na ɗauka shekara da shekaru na sauke a bakin ruwan nan, ba zan aika a kai masa labari kamar mai neman a biya ta ba. In ya ce ban kira ba, bai yi ƙarya ba. In na ce na kira, ni ma ban yi ba.

Ummi ba ta fara ko rarrafe ba na taho. Wani zuwan kuma bai zo ba. Yanzu ta girma, ana nuna mini ita a waya, ta ɗaga hannu ta ce "sannu Kaka", sauran duk Turanci. Sai babanta ya karɓa ya ce, "Inna, kina lafiya?" In ce, "Lafiya lau. Ya mutanen gidan?" Ya ce suna gaishe ni.

Duk shekara idan zafi ya shigo yana komawa can kan dutsen, har da yarinyar, yanzu da ƙafarta take hawa. Yana turo wa ƙanwarsa Sadiya hotuna, ita kuma ta kawo mini. In sa tabarau in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga tafkin, ga itatuwan, ga gungumen ma wani lokaci. Sadiya ta ce, "Inna, me kike nema ne kike ta komawa baya?"

Ƙoramar nake nema. Ba ya ɗaukar ta.